Yadda Alhaji Ɗangoggo Ya Jera Wayoyin Tarakta Bisa Girma

Sunana Zulkifilu Musbahu, ni ne sakataren Ƙungiyar Manoma 'Yan Fansho da ke hanyar filin jirgin sama a Abuja. Shekara talatin da ɗaya na yi ina rubuta bayanan taro a ma'aikatar gwamnati, saboda haka abin da zan bayar a nan na ɗauko shi ne daga littafina, da ranakunsa da sa'o'insa. Na ji wasu suna ba da labarin nan a tashar Jabi suna ƙara masa gishiri. Ba ya bukatar ƙari.

Mu goma sha huɗu ne a ƙungiyar. Wani dattijon Gbagyi mai suna Baba Obadiah ya ba mu aron fili, eka biyu, a bayan Kuchigoro, domin mu noma masara. Shekara biyu muna yin taro a kan filin, ba mu shuka ko ƙwaya ɗaya ba. Bana 'ya'yansa biyu suka matsa masa ya karɓe ya ba masu buga bulo. Dattijon, wanda ya fi son ganin masara a kan ganin siminti, ya yanke hukunci a gabanmu: idan aka juya ƙasar filin kafin faɗuwar rana ta Asabar, goma sha bakwai ga Mayu, fili namu ne, idan ba a juya ba, masu bulo su shigo.

Abin da muka dogara da shi tarakta ce tsohuwa mai shan fetur, wadda ta girmi birnin Abuja kansa. Wani ɗan ƙungiya ne ya gada daga kawunsa. Lukmanu, wani makanike daga Mararaba, ya yi mako biyar a ƙarƙashin bishiyar mangwaro yana sake haɗa injinta: ya canja fistin da ringi, ya wanke kafireta mai haɗa fetur da iska, ya sa sababbin fulogi huɗu. Abu ɗaya ya rage, wato saita taimin, ma'ana a daidaita lokacin da wuta za ta tashi a kowane fulogi. Sai ranar Talata aka kira shi daga Zariya, matarsa ta haihu. Kafin ya tafi ya rubuta lambobi huɗu da alli a jikin injin, ya ce mini, "Sakatare, Juma'a zan dawo in ƙarasa. Don girman Allah kada kowa ya taɓa wayoyin nan huɗu." Na rubuta wannan da ƙarfe huɗu da minti goma na yamma.

Shugaban ƙungiyarmu shi ne Alhaji Muhyiddeen Ɗangoggo. Shekara ashirin da takwas ya yi a sashen tarbar manyan baƙi, abin da ake kira furotokol. Aikinsa shi ne ya san wanda zai zauna gaba da wanda zai zauna baya, wanda zai fara magana da wanda zai jira. Ya kai ga ko shayi aka kawo, sai ya tsara wanda zai fara kurɓa.

Ranar Laraba da ƙarfe tara da minti ashirin na safe ya iso gona cikin babbar riga. Ya zagaya taraktar sau biyu, hannuwansa a baya, sannan ya tsaya a gaban rubutun alli.

"Sakatare, karanta mini wannan."

"Ɗaya, uku, huɗu, biyu, ranka ya daɗe."

"Sake karantawa."

Na sake.

"Inna lillahi! Uku ya tsallake biyu. Huɗu ma ya tsallake shi. An ɗauki mataimakin shugaba an ajiye shi a kujerar ƙarshe, kusa da masu raba ruwa! Yaya inji zai tashi cikin irin wannan rashin ladabi?"

Madam Lucia, tsohuwar ma'aikaciyar jinya kuma 'yar ƙungiya, tana zaune a kan benci tana ɓare gyaɗa. Ta ce, "Oga, inji ne fa, ba liyafar aure ba."

"Madam, tsari tsari ne. Na zaunar da manya arba'in a zaure ɗaya, babu wanda ya ɗaga gira. Fulogi huɗu ne za su gagare ni?"

Na tunatar da shi abin da Lukmanu ya ce, har na nuna masa shafin. Ya ce Lukmanu mutumin kirki ne, amma a bayyane yake cewa bai yi nisa a lissafi ba. Nan take ya buga masa waya, ya taya shi murna, ya umarce shi da ya zauna a Zariya har sai an yi suna, domin shugaba da kansa zai ƙarasa aikin. Ina jin muryar Lukmanu tana cewa "Amma Alhaji," lokacin da ya kashe wayar.

Ya goge rubutun da hankicinsa, ya rubuta ɗaya, biyu, uku, huɗu. Sannan ya cire wayoyin daga kan distirbita, wato ɗan gwangwanin nan mai raba wuta zuwa fulogi, ya mayar da su bi da bi, babba kafin ƙarami. Ya murɗa makulli.

Injin ya yi tari sau ɗaya, ya yi shiru.

"Ka ji? Na ɗaya ya amsa. Sauran suna jiran a gabatar da su ne."

Ya sake murɗawa. Tari, sai wani ƙara kamar an fasa leda. Ana cikin haka Baba Obadiah ya biyo ta hanyar a kan kekensa. Ya sauka, ya leƙa injin, ya girgiza kai.

"Oga, wannan waya ba haka ba ne."

"Baba, muna cikin aiki. Idan kana da ƙorafi, ka rubuta ka ba sakatare."

Dattijon ya dube ni, na dubi littafina. Ya hau kekensa ya wuce. Da ƙarfe goma da minti arba'in da bakwai, a yunƙuri na ashirin da uku, batir ya mutu. Shugaba ya bayyana cewa an samu gagarumin ci gaba.

Ranar Alhamis aka kai batir caji a Jabi. Shugaba ya ce ba za a ɓata rana ba, za a tayar da ita da hannu, da lanƙwasasshen ƙarfen nan da ake zurawa ta gaba a juya. Kafin nan sai ya sassauta ƙusar distirbita ya murɗa shi sosai zuwa gefe ɗaya.

Madam Lucia ta ce, "Wannan kuma na mene ne?"

"Na gaya wa wutar ta zo da wuri. Mai daraja ba ya makara a taro."

"To ni bari in ɗauko bandeji da wuri."

Ya naɗe hannun riga, ya yi bisimilla, ya juya ƙarfen. A juyi na uku wutar ta zo da wuri kamar yadda aka umarce ta. Ƙarfen ya dawo baya da ƙarfi, ya fizge hannun shugaba, ya kama gefen babbar rigarsa, ya juya shi rabin zagaye, ya ajiye shi a zaune cikin baro. Baron ya yi tafiyar taku shida kafin ya kife. Na auna daga baya.

Madam Lucia ta duba wuyan hannunsa na dama, ta ce targaɗe ne. Tana naɗawa tana cewa, "Oga, ka ga ta gaishe ka kafin ka gaishe ta. Ladabi ya fara shiga."

"Wannan alamar lafiya ce, Madam. Injin da ba shi da ƙarfi ba ya dukan mutum."

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci ya tara masu turin baro da masu sayar da rake daga bakin titi, mutum tara, ya ce a tura taraktar ta gangara, za ta kama da kanta. Aka ɗora wani ɗan ƙungiya mai lasin a kan kujera, shugaba ya tsaya gefe yana ba da umarni da hannun hagu. Suka tura. Ta gangara tana tari tana atishawa har bakin rafi, inda ta tsaya, ƙafafunta na gaba cikin laka. Awa ɗaya da minti biyar aka yi ana dawo da ita sama.

Wani mai rake, mutumin Katsina, ya share gumi ya ce, "Alhaji, tambaya gare ni. Idan mu ne za mu riƙa tura ta, me zai hana a ɗaura mana garmar kawai, a bar ta ta huta?"

Aka fashe da dariya. Shugaba ya ce ba a buɗe fagen tambayoyi ba tukuna.

Da yammacin wannan rana na ba da shawara a hukumance cewa a kira Lukmanu, ko da ta waya ce, ya faɗa mana abin yi. Shugaba ya ce ya riga ya gano matsalar: taraktar ba ta tashi ba ne saboda ba a ƙaddamar da ita ba. Ya fito da takardar shirin biki da ya buga, mai ajanda goma sha ɗaya. Tayar da tarakta shi ne na shida. Jawabin Baba Obadiah shi ne na goma, kafin addu'ar rufewa.

Ranar Asabar aka dawo da batir daga Jabi, aka kafa rumfa biyu a tsakiyar filin, aka jera kujeru sittin, aka ɗaure jan ƙyalle a gaban taraktar. Iyalanmu sun zo, mutanen Kuchigoro sun zo, masu raken jiya ma sun zo, sun ce ba za a ba su labari ba. Baba Obadiah ya zauna tsakanin 'ya'yansa biyu. A gefen filin kuwa motar masu bulo ta tsaya, da injinsu a bayanta, direban ya miƙe ƙafa ta taga yana jira. An ce za a fara da ƙarfe goma sha biyu. Shugaba ya sake tsara kujeru sau uku, saboda haka aka fara da ƙarfe biyu da rabi. Jawabinsa na maraba ya ɗauki minti hamsin da biyu.

Da aka zo ajanda ta shida, ya tashi cikin farar shadda sabuwa, ya yanka ƙyallen, aka yi tafi. Sai ya ɗauko gorar fetur ya tsiyaya a bakin kafireta, ya ce baƙo ba ya magana sai an ba shi ruwa. Ya sunkuya a kan injin domin ya ji amsarsa da kyau, ya miƙa hannun hagu ya murɗa makulli.

Da ƙarfe uku da minti hamsin da biyu aka ji wani ƙara wanda daga baya mutanen unguwa suka ce sun ɗauka taransifoma ce ta fashe. Harshen wuta ya fito ta kafireta. Salansa ta tofar da baƙin hayaƙi na shekara arba'in. Hular shugaba ta tashi ta sauka a cikin kular zobo. Layin gaba, inda aka zaunar da manyan baƙi bisa girmansu, shi ya fara gudu, kuma babu wanda ya jira na gaba da shi.

Da hayaƙi ya lafa sai ga shugaba a tsaye, gaban shaddarsa baƙi ƙirin. Matarsa, Hajiya Batulu, ita kaɗai ba ta motsa daga kujerarta ba. Ta dube shi tsaf ta ce, "Alhaji, girarka ta hagu fa?"

Ya shafa. "Tana nan."

"Ba ta nan. Ta bi hular."

Direban masu bulo ya danna ham sau biyu, ya tayar da motarsa. Babban ɗan Baba Obadiah ya duba agogo ya yi murmushi.

A nan ne na aikata abin da ban taɓa aikatawa ba a shekara talatin da ɗaya na aiki. Na ɗauki lasifika, na tsallake ajanda ta bakwai, da ta takwas, da ta tara, na kira ta goma.

Shugaba ya ce, "Sakatare! Ba a yi rawar gargajiya ba!"

"An yi, ranka ya daɗe. Layin gaba ne suka yi."

Baba Obadiah ya taso a hankali ya karɓi lasifikar. Ya ce, "Jawabina gajere ne. A ba ni sifana." Aka miƙa masa ƙarfen kwance ƙusar, sannan ya ƙara da cewa shekara goma sha tara ya yi yana tuƙa irin wannan tarakta a ma'aikatar gona, tun wurin nan duk daji ne.

Shugaba ya ce, "Baba, me ya hana ka faɗa tun ranar Laraba?"

"Ka ce in rubuta. Ni ban iya rubutu ba, tarakta na iya."

Ya cire fulogi na ɗaya. Ya ce, "Oga, kawo babban yatsa. Toshe wannan rami. Shi ke nan aikinka, kada ka tsara komai." Ya zare makulli, ya sa mai raken nan ya riƙa juya ƙarfen gaba sannu a hankali. Can sai iska ta ture yatsan shugaba, ta yi fiit.

"Ta cije ni!"

"Bai cije ka ba. Fistin na ɗaya ne ya hau sama. Tsaya nan."

Ya duba wata 'yar tsaga a jikin ƙarfen da ke juyawa, ya sa aka matsa kaɗan har ta yi daidai da alamarta. Ya buɗe murfin distirbita, ya ce yana bukatar siririyar takarda. Kafin in yi magana ya yage gefen shafi na arba'in da bakwai na littafina. Ya saƙala takardar tsakanin wasu ƙananan ƙarafa biyu da ke haɗuwa suna rabuwa, ya riƙa murɗa distirbitan kaɗan kaɗan yana jan takardar, har ta zame da kanta. Nan ya ɗaure ƙusar. Sannan ya mayar da fulogin da murfin, ya jera wayoyin: ɗaya, uku, huɗu, biyu.

Shugaba ya kasa haƙuri. "Amma Baba, na biyu fa? Ina darajarsa?"

"Oga, ka taɓa ganin mata huɗu suna daka a turmi ɗaya? Wanda taɓaryansa yana sama, shi zai sauke. Ba a tambaya wane ne babba. In sun bi girma, kai za su fasa wa juna, kamar yadda ya fasa maka gira."

Baba ya hau, ya ja wani ɗan maɓalli, ya murɗa makulli. Injin ya yi tari ɗaya, ya yi na biyu, sai ya kama: dum dum dum dum, daidai wa daida, kamar ganga a hannun gwani. Ƙarfe huɗu da minti arba'in da ɗaya. Mata suka yi guɗa, masu rake suka ɗaga rake sama. Madam Lucia ta rungume Hajiya Batulu.

Da a nan aka tsaya, da na rufe littafina cikin natsuwa. Amma shugaba ya ɗaga hannunsa mai bandeji ya ce bisa ƙa'ida, kunyar farko da garma za ta tayar ta shugaba ce. Ya kamata in bayyana cewa a tsawon aikinsa kullum a kujerar gaba yake zama, kusa da direba, kuma bai taɓa riƙe sitiyari ba.

Baba ya ɗaga kafaɗa. Ya zaunar da shi, ya ɗora ƙafarsa a kan kuloci, ya sa masa giya ta ɗaya, ya sauke garma. Ya ce, "In ka ɗaga ƙafa zai tafi. In kana so ka tsaya kuma..."

"Wannan batu ne na gaba, Baba. Sauka."

Baba ya sauka. Shugaba ya ɗaga ƙafa. Taraktar ta zabura, garma ta nutse, jar ƙasa ta fara juyewa gwanin sha'awa. Sai dai sitiyarin tsohuwar tarakta yana da nauyi, hannun damansa kuma a naɗe yake, saboda haka hagu kaɗai yake iya ja. Ya yi kwana, ya dawo ta inda ya fito, ya ɗauke ƙafar rumfa ta farko. A zagaye na biyu ya ɗauke teburin manyan baƙi. A na uku ya wuce ta gabanmu yana ihu.

"Sakatare! Ina ake tsayawa?"

Babban ɗan Baba ya yi kururuwa, "Kashe makulli, Alhaji! Kashe!"

Baba ya daka masa tsawa, sannan ya haɗa hannuwa a baki ya ce, "Oga, kada ka kashe! Batir bai da ƙarfi, ba zai sake tashi ba! Ka sassauta hannu kaɗan, ka buɗe kwana!"

Hajiya Batulu ta ce, "Baba, ka faɗa masa yadda ake tsayawa mana."

"Hajiya, kina son mijinki ya tsaya, ko kina son masara?"

Ta yi ɗan tunani. Ta ce, "A bar shi ya ƙara."

Muka kwashe kujeru muka koma gefe. Duk zagayen da ya yi, Baba yana nuna masa ya ƙara faɗi, da'irar tana girma. A zagaye na goma sha ɗaya ya daina ihu. A na ashirin ya fara ɗaga wa jama'a hannu idan ya zo wucewa, kamar yadda ya ga manya suna yi. Masu rake suna ƙirgawa da ƙarfi, ni kuma ina rubutawa. Da ƙarfe shida da minti ashirin da biyu, a zagaye na talatin da huɗu, fetur ya ƙare, taraktar ta tsaya taku huɗu daga motar masu bulo. Rana tana nan, ja, a saman bishiyoyi.

'Ya'yan Baba suka ce wannan ba noma ba ne, ko'ina a karkace, ga kusurwoyi huɗu ba a taɓa ba. Dattijon ya shiga filin, ya durƙusa, ya damƙi ƙasa ya murje ta a tafinsa.

"Ƙasa ya juya ko bai juya ba?"

"Ya juya, Baba, amma..."

"Masara bai san kwana ba. Ku ce wa mai bulo ya tafi."

Motar ta juya ta tafi da ƙarfe shida da minti talatin da ɗaya. Fili ya zama namu.

Mutum uku ne suka sauko da shugaba. Da ƙafarsa ta taɓa ƙasa ya nemi lasifika, ya sanar da jama'a cewa abin da suka gani sabon tsarin noma ne mai suna shataletale, wanda ya daɗe yana nazari a kansa, kuma ya dace da babban birnin tarayya. Aka yi masa tafi mai yawa, domin kowa yana cikin farin ciki. Sannan ya nufi motar da za ta kai shi gida. Yana tafiya yana karkata hagu, ya wuce ƙofar, ya zagaya motar, ya sake wuce ƙofar, ya shiga zagaye na biyu. Na yunƙura zan tare shi, sai Hajiya Batulu ta ɗaga mini hannu.

"Bar shi, Sakatare. In man ya ƙare zai tsaya da kansa."